Gudun Fanfalaki na Legas: Yadda Za Ka Tsara Tafiya da Masauki Daga Arewa

Mutum zai shafe wata huɗu yana atisaye, kullum bayan sallar asuba yana kan titi cikin sanyin hunturu, ya rage cin maiƙo, ya sayi takalmin da ya ci masa rabin albashi. Ranar gudun ta zo, sai wahalar duka ta tashi a banza saboda wurin da ya kwana. Na ga hakan ya faru da mutane, ni ma ya faru da ni. Zuwana na farko Legas don wannan tsere, na sauka wajen wani ɗan'uwa a Agege. Mun fito ƙarfe biyar na asuba muna ganin mun yi sammako, muka tarar an fara tare hanyoyi, direba ya yi ta zagaye, daga ƙarshe ya sauke ni na ƙarasa da ƙafa cikin sassarfa. Na isa jiƙe da gumi, ƙirji na bugawa, ban yi sallah a natse ba, ga kilomita 42 na jirana.

Tun daga ranar nake tsara tafiyar daga ƙarshe zuwa farko. Ka kafa ƙusa a kan lokacin tashi, wanda aka saba sa shi ƙarfe 6:30 na safiyar Asabar, sannan ka riƙa ja da baya: ina zan kwana daren Juma'a, yaushe zan karɓi lambar da zan maƙala a ƙirji, wace rana zan shiga gari, yaushe zan bar gida. Komai a kan wannan sa'ar yake rataye.

Mataki na farko: rana, hanya da rajista

An fara tseren Legas ranar 6 ga Fabrairu, 2016, bankin Access ne ke ɗaukar nauyinsa, kuma Abraham Kiptum na Kenya ne ya lashe na farkon. Nisansa kilomita 42.195, akwai kuma ƙaramin tsere na kilomita 10 ga wanda bai kai ga babban ba. A al'ada ranar Asabar ake yinsa cikin Fabrairu, amma wace Asabar ce, wannan yana motsi: a 2019 an yi ranar 2 ga wata, a 2025 ranar 15, a 2021 kuwa annobar korona ta tura shi har Afrilu. Don haka kada ka biya kuɗin jirgi ko na ɗaki sai masu shiryawa sun sanar da ranar da bakinsu.

Bayan rana, taswirar hanya. Hanyar da aka fi sani tana tashi ne daga gaban Babban Filin Wasa na Ƙasa da ke Surulere, ta bi Ojuelegba da titin Ikorodu, ta ratsa Gbagada zuwa Oworonshoki, ta hau gadar Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8, ta sauka Ikoyi, ta tsallaka Lekki, ta dawo Victoria Island, a ƙare a Eko Atlantic, unguwar da aka cike teku aka gina. Ma'ana, inda aka tashi daban, inda za a ƙare daban, ga ruwa a tsakaninsu. Masu shiryawa suna iya sauya hanyar, kuma tseren kilomita 10 ba daga wuri ɗaya yake tashi da babban ba, ta ɓangaren tsibiri ake fara shi. Ka nemi taswirar shekarar da za ka je, ka ga wurin tashin tseren da ka yi wa rajista da idonka, kada ka dogara da labarin wanda ya je bara.

Rajista ta intanet ake yi. Ka rubuta sunanka daidai da yadda yake a katin shaidarka, ka ɗauki hoton saƙon tabbatarwa a waya, ka kuma buga shi a takarda.

Akwai abin da ya shafe mu musamman. Azumi yana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, kuma a lissafi Ramadan na 2027 zai kama ne wajen mako na biyu na Fabrairu, na 2028 a ƙarshen Janairu. Wato shekarun nan tseren na iya faɗowa cikin azumi. Gudun kilomita 42 a zafin Legas ba tare da ruwa ba kasada ce da rai. Ka ɗora ranar tseren a kan kalandar Musulunci tun kafin rajista, ka tambayi malaminka hukuncin halin da kake ciki, in ta kama ka haƙura da shekarar, ka haƙura.

Mataki na biyu: ranar shiga Legas da abin hawa

Shawarata ita ce ka kwana a Legas daren Alhamis. Na san kwana ɗaya ne ƙari a kuɗin masauki, amma shi ne kuɗin da ya fi kowanne amfani a tafiyar.

Dalili na farko hazo. Fabrairu ƙarshen hunturu ne, ƙura kan rufe sararin Kano, Kaduna, Sakkwato da Maiduguri, a jinkirta jirage ko a soke su gaba ɗaya. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa na Murtala Muhammed da ke Ikeja tafiyar kusan awa ɗaya da rabi ce, amma na taɓa zama a ɗakin jira tun hantsi har bayan isha'i ana ɗage mana lokaci. Wanda ya yanki tikitin yammacin Juma'a, in hakan ta same shi, shi da tseren sai baɗi. Ka ɗauki jirgin safiyar Alhamis. In an soke, kana da na yamma, kana da Juma'a duka. Takalmin gudu, rigar gudu da safar ƙafa su shiga jakar hannu, kada su bi kayan da ake aunawa. Kaya kan yi ɓatan kai, kuma sabon takalmin da aka saya ranar jajibiri ƙafa yake cinyewa.

Dalili na biyu jiki. Daga Kano zuwa Legas ta mota ya haura kilomita 1,000, ko an bi ta Abuja da Lokoja, ko ta Mokwa, Jebba da Ilorin. Manyan bas-bas ɗin da ke tashi daga Sabon Gari kwana suke yi a hanya. Zaman awa goma sha wani abu ƙafa a naɗe yana kumbura sawu, ya ɗaure cinya da ƙugu, kuma jiki ba ya warwarewa a dare ɗaya. Mai bin mota ya bar gida Laraba. In da hali ka raba tafiyar biyu, ka yi ta da rana, ka kwana a Abuja, Ilorin ko Ibadan. Tafiyar dare a hanyoyin nan ba abin da zan ba ɗan'uwana shawara ba ne. Duk inda aka tsaya ka sauko ka taka, ka sha ruwa ko da za ka riƙa neman banɗaki. Ka kuma tambayi tashar da motar za ta sauke ku. Jibowu tana dab da Yaba da Surulere, wannan ya yi maka daidai, amma tana kan hanyar tseren da aka saba, motar da ta iso safiyar Asabar ba za ta samu shiga ba.

Jirgin ƙasa yana rage wahala a wurare biyu. Na Kaduna zuwa Abuja, daga Rigasa zuwa Idu, yana kai ka inda jiragen sama zuwa Legas suka fi yawa. Na Ibadan zuwa Legas kuma, wanda aka buɗe a 2021, yana tashi daga Moniya ya sauke ka a tashar Mobolaji Johnson da ke Ebute Metta, tafiyar 'yan mintuna zuwa Surulere, ka huta da cunkoson shiga gari ta Berger. Tikitinsu kan ƙare da wuri a ƙarshen mako.

'Yan Filato su ne gwanayen wannan gudu a Najeriya, sunaye irin su Deborah Pam da Emmanuel Gyang duk mai bin tseren ya san su. In kana kusa da Jos ko Pankshin, ka nemi masu atisaye a can, sau da yawa a ƙungiya suke tafiya, mota ɗaya, masauki ɗaya, kuɗi ya ragu, ga wanda ya san gari.

Mataki na uku: masauki

Nan ne ake cin tseren ko a faɗi tun ba a fara ba.

Legas gari biyu ne da gadoji uku suka haɗa: Carter, Eko da Third Mainland. Ɓangaren tudu shi ne su Surulere, Yaba, Ebute Metta, Mushin, Ikeja, Agege. Ɓangaren tsibiri shi ne Lagos Island, Ikoyi, Victoria Island da Lekki. Ranar tsere ana rufe titunan da masu gudu za su bi tun kafin gari ya waye, sauran hanyoyin su cika maƙil. Tambayar ita ce, kusa da wurin tashi za ka kwana, ko kusa da wurin ƙarewa?

Ni kusa da wurin tashi nake zaɓa, ba na ko tantama. Wanda ya makara da safe ya rasa komai, wanda ya sha wahalar komawa da rana kuwa ya riga ya rataya lambar yabonsa a wuya. In daga Surulere za a tashi, ka nemi ɗaki inda za ka iya takawa da ƙafa zuwa filin wasa cikin minti 20 zuwa 30: cikin Surulere kanta, Ojuelegba, ko gefen Yaba da ke kusa. In taswirar shekarar ta nuna daga tsibiri za a tashi, ko kilomita 10 za ka yi, sai ka juya lissafin, ka nemi Victoria Island, Lekki Phase 1, Ikoyi, ko Obalende inda ɗaki ya fi sauƙin kuɗi kuma akwai mutanenmu da yawa. Kada sunan unguwa ya ruɗe ka. Lekki doguwa ce, wanda ya kama ɗaki ta wajen Ajah yana cewa yana Lekki ya yi nisa ƙwarai. Ka sa adireshin a taswirar waya, ka zaɓi tafiyar ƙafa, ka ga mintunan da za ta nuna.

Sai maganar sauka wajen 'yan'uwa. Bahaushe ba ya rasa wanda zai sauke shi a Legas: Agege, Mile 12, Alaba Rago, Idi-Araba, Obalende. Kuma ƙin sauka wajen ɗan'uwa abu ne mai nauyi, za a ce ka zo gari ka wuce otal. Amma ka duba nisa. Idi-Araba, kusa da asibitin koyarwa na LUTH, maƙwabciyar Surulere ce, wanda ke da ɗan'uwa a can ya dace. Agege, Mile 12 da Alaba Rago kuwa sun yi nisa da kowane wurin tashi. Ga kuma abin da ba a faɗa: baƙo ba ya barci da wuri. Za a zo gaisuwa, a kawo abinci kala uku, a yi hirar gida har sha biyun dare, wataƙila ku huɗu a ɗaki. Mafitar da na samu ita ce in sauka wajen dangi daren Alhamis, in gaya wa mai gidan tun a waya: “Yaya, daren Juma'a kaɗai zan kwana kusa da filin saboda za a rufe hanya, Asabar da yamma ina nan tafe, in sha Allahu.” Ba wanda ya taɓa jin haushin hakan. Zumunci ya samu haƙƙinsa, aljihu ya huta, barci ya samu.

Kafin ka biya kuɗin ɗaki, ka kira su ka yi tambayoyin nan. Shin janareta yana kwana a kunne, ko ana kashewa tsakar dare? Daren Legas akwai zafi da sauro, ɗaki babu fanka azaba ne. Akwai mashaya ko gidan rawa a harabar? Daren Juma'a ne, kiɗa kan kai asuba, ka roƙi ɗakin da ke can baya. Mai gadi zai buɗe ƙofa ƙarfe huɗu da rabi? Ƙarfe nawa ake sallamar baƙi? Wannan ta ƙarshen ita ce tarkon. Yawancin otal-otal sha biyun rana suke karɓar makulli, kai kuwa a lokacin ƙila yanzu ka ƙarasa, a wani ɓangaren gari. Ko dai ka biya har daren Asabar, ko ka haɗa kayanka tun asuba ka ba su ajiya su rubuta maka takarda. In aljihu zai ɗauka, ka biya daren Asabar ɗin. Wanka da shimfiɗa bayan kilomita 42 ba almubazzaranci ba ne.

Ka kama ɗakin da zarar an sanar da rana. In tseren ya faɗo kusa da 14 ga Fabrairu, ɗakuna kan yi tsada su kuma ƙare, domin ranar masoya babbar kasuwa ce ga masu otal a Legas. Gidajen haya na kwana ɗaya ko biyu suna da daɗi ga mutum huɗu ko biyar, a raba kuɗi, a dafa abin da ciki ya sani. Sai dai 'yan damfara sun yi yawa a harkar. Kada ka tura kuɗi don ka ga hotuna a Instagram ko WhatsApp; ka sa wani da ke gari ya je ya ga gidan, ko ka biya ta manhajar da ke riƙe kuɗin sai ka shiga.

'Yar'uwa mai shirin zuwa, ki nemi abokiyar tafiya ku kama ɗaki ɗaya, ku fita tare da asuba, domin fitowar cikin duhu ce. Hijabin gudu da doguwar rigar da za ki sa, ki gwada su a dogon atisaye tun a gida, masu sauƙi waɗanda ba sa riƙe gumi.

Mataki na huɗu: ranar Juma'a

Aikin ranar ɗaya ne, karɓar lambar ƙirji da riga. An saba raba su a baje-kolin da ake yi a filin wasa na Teslim Balogun, wanda ke kallon Babban Filin Wasa na Ƙasa. Ka tabbatar da wurin da ranar da ake rufe rabon, kada ka ɗauka har yammacin Juma'a ana bayarwa. In Alhamis ce ranar ƙarshe, sai ka matso da tafiyarka. Ka je da safe da katin shaida da takardar rajista. A can ka tambayi abu uku: ko akwai ajiyar jaka da za a kai wurin ƙarewa, ko an tanadi motocin mayar da mutane, da kuma ƙarfe nawa za a buɗe tituna ga motoci. Matambayi ba ya ɓata.

Daga nan ka taka hanyar masaukinka zuwa wurin tashi da rana tsaka, ka riƙe alamomi, gidan mai, gadar sama, kwana. Ka yi Juma'a a masallacin da ya fi kusa, ka koma ka ɗaga ƙafa. Kasuwar Balogun da bakin teku suna nan har Lahadi.

Game da zirga-zirga, kada ka sa acaɓa a lissafi. Tun Yunin 2022 gwamnatin jihar ta hana shi a ƙananan hukumomin Surulere, Ikeja, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland, wato duk inda za ka yi yawo, kuma fasinja ma ana kamawa. Akwai Bolt, Uber da inDrive, ka sauke biyu a waya. Bas ɗin BRT da jiragen ƙasa na cikin gari da katin Cowry ake shiga. Danfo, wato ƙaramin bas ɗin haya na Legas, ya fi araha, amma baƙo da jaka da dare gara ya ƙyale shi.

Abinci kuwa, abin da cikinka ya sani. Shinkafa da miya marar yaji, taliya, dankali, tuwon shinkafa in ka samu a unguwar Hausawa. Miyar Yarabawa akwai daɗi, akwai kuma barkono da manja, ka bar ta sai bayan gudu. Tsire da kilishi ma haka. Ka ci na dare kafin ƙarfe bakwai. Ka sayi karin kumallo tun yamma, burodin Agege, ayaba, dabino, zuma, don ƙarfe huɗun asuba ko mai shayi bai hura wuta ba.

Ka fara shan ruwa sosai tun ranar. Zafin Legas ba irin namu ba ne. A Kano ko Zinder iskar Fabrairu busasshiya ce, gumi na fitowa yana bushewa, jiki ya huce. A Legas iskar cike take da laima, gumin kwanciya yake a fata, zafi ya taru a ciki. Wanda ya yi atisaye cikin sanyin Jos ko hazon Katsina zai ji bambancin tun kilomita biyar na farko, a kan gadar Third Mainland kuma babu inuwa ko ta sanda. Ka sayi ƙullin gishiri da sukari na kemis guda biyu ko uku.

Kafin ka kwanta ka maƙala lambar a riga, ka rubuta sunanka da lambar wayar wani naka a bayanta, ka cika waya da caji.

Mataki na biyar: safiyar Asabar

Tashi ƙarfe huɗu. Ci kaɗan, shiga banɗaki a masauki, shafa basilin a hammata, cinya da yatsun ƙafa. Ka fita biyar da kwata in da ƙafa za ka je.

A Legas cikin Fabrairu alfijir yana ketowa ne wajen shida saura minti goma, rana ta fito wajen bakwai. Ka ga tsakanin shigar lokacin asuba da tashin tsere bai fi minti 40 ba. Ka fito da alwalarka, ka riƙo ɗan ƙyalle ko kwali, ka yi sallah a gefen filin da zarar lokaci ya shiga. Za ka tarar da wasu suna yi, ku haɗa jam'i.

A jikinka: waya cikin leda saboda gumi da ruwan da ake watsawa, katin banki ɗaya, tsabar kuɗin da za su mayar da kai masauki, dabino kaɗan, hular kare rana. Makullin ɗaki ka bar shi wajen masu otal.

Mataki na shida: bayan an ƙarasa

Mutane sukan tsara komai su manta da wannan. Za ka tsallaka layi wajen sha ɗaya ko sha biyu, ƙafa ba ta ɗaukarka, dubban mutane na neman mota lokaci ɗaya, kuɗin Bolt ya ninka, layin waya ya cushe. In wani zai tarye ka, ku yanke wurin haɗuwa tun jiya, wuri mai suna a kan titin Ahmadu Bello ko Adetokunbo Ademola, ku sa lokaci, ku kuma yarda cewa wanda ya riga zuwa zai jira. Ya zo maka da busasshiyar riga, silifas da ruwa. Shi ma ya sani cewa in daga tudu zai taso, ta gadar Eko ko Carter zai bi, kuma da wuri.

In kai kaɗai ne, kada ka yi gaggawar neman mota. Ka zauna a inuwa, ka sha ruwan gishiri da sukarinka, ka ci wani abu, ka ba cunkoson awa ɗaya ya lafa, sannan ka taka a hankali ka yi nisa da ƙofar kafin ka kira direba. In ka ji jiri, amai, sanyi na kama ka cikin rana, ko gumi ya ɗauke, ka nufi tantin likitoci kai tsaye.

Komawa gida sai Lahadi. Safiyar Lahadi ce lokacin da titunan Legas suka fi sakewa, tafiyar filin jirgi da kan ci awa biyu ranar aiki takan zo da sauƙi, amma duk da haka ka duba tikitinka ka ga ta wace tasha za ka tashi, MMA2 ko tsohuwar tashar jiragen cikin gida, don ba gini ɗaya ba ne. Mai komawa ta mota ya ƙara kwana in zai iya, ya tashi Litinin. Ka nemi kujerar gefen hanya inda za ka miƙe ƙafa, ka sa silifas maimakon takalmi domin sawu zai kumbura, kuma duk inda direba ya tsaya shan mai ko sallah, ka sauko ka taka ko da minti biyar ne.